Tsakanin Ƙanƙara da Rana



A farkon watan Fabrairun da ya wuce wani kamfani da ke Jubail, a gabashin Saudiyya, ya aiko mini da tayin aiki, ya ba ni mako uku in mayar da amsa. A cikin mota na karanta takardar, a bakin ofishinmu da ke birnin Edmonton na Kanada, ina jiran inji ya ɗumama. Ma'aunin da ke gabana yana nuna digiri 31 ƙasa da sifili, gashin hancina kuma ya riga ya daskare tsakanin ƙofar ofis da ƙofar mota. Da a ce akwai alƙalami a hannuna a lokacin, da na sa hannu tun ban kai ƙarshen shafin farko ba.

Na san ba ni kaɗai ke ɗauke da wannan tunani ba. Duk inda muka haɗu, ko a wajen suna ko bayan sallar Juma'a, hira ba ta nisa sai wani ya tambayi wani yaushe zai bar wannan firji. Na ji irin zancen daga bakin 'yan uwa da ke Minnesota da Toronto da Glasgo. Mukan yi shi da raha, amma a ƙarƙashin rahar akwai tambaya mai nauyi: shin ya dace mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ƙasar da jikinsa bai taɓa amincewa da ita ba, alhali ƙasar Allah tana da faɗi? Makonni ukun nan sun tilasta mini in zauna da tambayar da gaske, kuma abin da na samu a ƙarshe ba shi na zata ba.

Bari in fara da sana'ata, domin ita ce ta fara rushe mini lissafi. Na zo Kanada a 2014 neman digiri na biyu, kuma tun da na gama aikina shi ne tsara na'urorin ɗumama gine-gine da sanyaya su. In aka ba ni zanen ofis a Edmonton, ana so in riƙe ɗakunansa a wajen digiri 21 ko 22. In a Jubail ne, abin da za a nema bai wuce 23 ko 24 ba. Ke nan in fatar jikina za a tambaya, bambancin rayuwata a nan da wadda zan yi a can digiri biyu ne, sai 'yan mintocin da ke tsakanin ƙofar gida da ƙofar mota. Mai albashi irina ba ya zaune a cikin yanayin garin da yake. A cikin akwati yake, wanda wasu suka gina, wasu kuma suke hura wa wuta.

Na kira wani abokin karatuna da ya daɗe a Dammam don in ji daga bakin wanda ya gani. Ya ce daga Yuni zuwa Satumba yaransa ba sa taka waje sai dare ya yi, domin zafi kan haura digiri 45, ga danshin teku da ke sa numfashi ya yi nauyi. Daga gida mai sanyi sai mota mai sanyi, daga nan sai kanti mai sanyi. Da ya gama bayani na ce masa ai wannan hunturunmu ne ya kwatanta, sai dai nasu da zufa ake yinsa. Ya yi dariya, bai musa ba.

To in jiki bai da babban rabo a cikin zaɓin, ko hali yana da shi? Wannan tsohuwar muhawara ce. Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya tafi a kan cewa iskar ƙasa tana shiga ɗabi'ar mutanenta. Ya kwatanta mutanen Masar da na birnin Fas: na farkon, a ganinsa, masu fara'a ne da ba sa damuwa da tanadin gobe, na biyun kuma, da tsaunuka masu sanyi suka kewaye, masu yawan tunani ne da ke ɓoye hatsin shekaru. Bayansa da ƙarni kusan huɗu, a 1748, Bafaranshen nan Montesquieu ya kawo irin wannan ra'ayi, ya jingina kuzari da jarumta ga mutanen ƙasashen sanyi, kasala da tsoro ga na ƙasashen zafi. Dukansu biyu sun faɗi abubuwa game da baƙar fata waɗanda ba za mu karɓa ba, kuma ra'ayi irin na Montesquieu ya yi wa masu bautar da mutane da masu mulkin mallaka amfani.

Ba sai na je ɗakin karatu ba kafin in ga raunin wannan magana. Kakana manomi ne a karkarar Zariya. Damina wata huɗu zuwa biyar ce, sauran shekara kuwa ba a ganin ɗigon ruwa. Wanda bai cika rumbunsa da kaka ba, bai kuma iya ƙididdige dami nawa iyalinsa za su ci kafin sabon gero ya nuna ba, yunwa ce za ta koya masa lissafi. Rumbun nan na bayan gida shaida ne cewa hangen nesa ba gadon mutanen ƙanƙara ba ne. Yanayi yana kawo jarrabawa, amma ba shi ke rubuta amsar ba.

Duk da haka akwai zargi ɗaya da na daɗe ina yi wa sanyi, kuma na yi imani da shi har zuciyata: cewa shi ne ya kashe mini zumunci. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ƙanƙara kuwa ƙafa take ɗaurewa. Hujjata mafi ƙarfi ita ce mahaifiyata. Ta zo mana a watan Nuwamba lokacin da aka haifi ɗanmu na biyu, ta zauna har Maris. Matar da ƙofar gidanta ba ta rufuwa daga asuba zuwa isha, mai talla ya shigo, maƙwabciya ta leƙo aron turmi, almajiri ya yi sallama, ita ce ta koma zaman kujera a bakin taga tana kallon farin titi. A Disamba rana ba ta fitowa a nan sai wajen ƙarfe 9 saura, kafin 4 da rabi kuma ta faɗi. Wata rana na dawo daga aiki na tarar da ita a wurin da na bar ta. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, sai ta ce, "Kai wannan, garin nan naku ba a haihuwa ne, ba a mutuwa? Ban ji guɗa ba, ban ga an wuce da makara ba." Na rasa abin da zan ce mata. Da ta koma gida ta yi mana addu'a mai yawa, ta kuma roƙe ni kada in sake kawo ta da sanyi.

Wannan magana na ɗauko na ajiye a gaban maiɗakina a daren da na nuna mata takardar Jubail. Na yi dogon bayani a kan yadda ƙanƙara ta mayar da mu fursunoni, yadda muka shekara ba mu taka gidan 'yan uwan da ke unguwar kusa da mu ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Abban yara, a watan Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, babu ƙanƙara ko ƙwaya ɗaya. Gida nawa ka shiga a Yulin bara?" Na ƙirga a zuciyata, na samu biyu, ɗayan ma karɓo saƙo na je.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na gane cewa shekara da shekaru ina ɗora wa sanyi laifin da ba nasa ba ne shi kaɗai. Abin da ya rufe ƙofata shi ne aiki, da gajiya, da waya a hannu, da wata sabuwar kunya da na koya ta cewa ba a zuwa gidan mutum sai an yi alkawari mako guda kafin ranar. Waɗannan kuwa duk za su shiga jirgi tare da ni zuwa Jubail. Mutumin da bai ziyarci ɗan'uwansa da rana mai daɗi ba, sauya masa ma'aunin zafi ba zai sauya masa ƙafa ba.

Daga nan tunanina ya juya zuwa wata fuskar da sana'ata ta daɗe tana nuna mini ina kau da kai. Na'urar sanyaya ɗaki ba ta kashe zafi. Kwashe shi take yi daga ciki ta zubar a waje, ta haɗa da zafin da injinta ya haifar. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan irin wannan na'ura ya san iskar da ke fitowa. Sanyin da mai gida ke sha, titi ne ke biyan kuɗinsa, kuma a kan titin akwai mutane. Saudiyya ta haramta aiki a ƙarƙashin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na rana, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, kuma ba don injiniyoyi irina aka kafa dokar ba. An kafa ta ne don masu ɗaura ƙarfe da masu zuba kwalta da masu share titi, waɗanda digiri 23 ba ya cikin rabonsu. Mun kuma ga abin da rana ke iya yi a aikin Hajjin 2024, lokacin da hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar alhazai 1,301, akasarinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya a ƙasa ba tare da inuwa ba. Allah Ya jiƙansu.

Haka abin yake a nan, sai dai ta ɗaya gefen. Ɗumin da ke falona iskar gas ce, kuma akwai waɗanda ke aiki a filin Allah cikin tsakiyar hunturu don ta iso. Akwai direban motar ture ƙanƙara da ke kwana a kan titi, da mai hawa turken lantarki in waya ta tsinke, da saurayin da ke kawo mini abinci ƙofar gida a daren da ni na ƙi fita, wanda sau da yawa baƙo ne irina da bai daɗe da sauka ba. Akwai kuma marasa matsuguni, waɗanda duk shekara wasunsu ke rasa yatsun hannu da na ƙafa saboda daskarewa. A ƙasar ƙanƙara da ƙasar rana duka, akwai mai ɗauke wa wani yanayi a kansa. Da na fahimci haka sai na ga tambayata ta farko, wato wanne ya fi daɗi, tambayar wanda ke cikin akwati ce. Tambayar da ta fi cancanta da mai tsoron Allah ita ce: wa ke tsaye a waje domin in zauna a ciki, kuma me na yi masa?

A nan dole in yi wa sanyi adalci, domin akwai abin da ya koya mini wanda ban koya a gida ba. A daren Asabar, 13 ga Janairun 2024, sanyi ya zarce digiri 40 ƙasa da sifili a sassan lardin Albarta, buƙatar lantarki ta kusa fin abin da ake samarwa. Hukuma ta aiko da saƙon gaggawa a wayar kowa, tana roƙon a rage amfani da wuta. Muka kashe fitilu, muka dakatar da injin wanki, na leƙa ta taga na ga tagogin maƙwabta suna dushewa ɗaya bayan ɗaya. Cikin 'yan mintoci buƙatar ta sauka, ba a kai ga yanke wa kowa wuta ba. A irin wannan sanyi gidan da ɗuminsa ya ɗauke ba ya daɗewa bututunsa ke fashewa, domin ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100. Kowa ya san ransa yana rataye da waya ɗaya da na maƙwabcinsa.

A gida kuwa in wuta ta ɗauke, mai hali ya tayar da janareto, in famfo ya ƙafe ya haƙa rijiyar burtsatse a tsakar gidansa, sauran jama'a kowa ya yi ta kansa. Zafi yana yi wa lalacewar kayan jama'a uzuri na ɗan lokaci, sanyi ba ya yi. Ba ina cewa ƙanƙara ce ke gyara gwamnati ba, kada in koma inda na baro Montesquieu. Singafo tana dab da tsakiyar duniya, kuma famfonta bai ƙafe ba. Abin da nake cewa shi ne, sanyi ya sa na ga igiyar da ta ɗaure ni da mutanen da ban san sunansu ba. Ko dokar gari da ta wajabta wa kowane mai gida share ƙanƙarar da ke kan hanyar masu tafiya a ƙasa a gaban gidansa, da farko ɗawainiya na ɗauke ta. Daga baya na ga ai kawar da cuta daga hanya ce, abin da aka karantar da mu tun muna makarantar allo.

Ibada ma tana da nata lissafin a wannan sashe na duniya. Azumin 2016 ya faɗo a watan Yuni, muka riƙa kame baki kusan awa 19, tsakanin buɗa-baki da sahur kuwa da ƙyar mutum ke samun sallar tarawihi da ɗan runtsawa. Amma da yake watan Ramadan yana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, a wajen 2030 zai faɗo a tsakiyar hunturu, lokacin da yini bai kai awa 8 ba. Wanda ya zauna shekara 33 a wuri ɗaya zai zagaya da'irar duka, ya biya mai tsada ya kuma sami mai araha. Ba mu ne farkon Musulmin da suka yi wannan lissafi a nan ba. A wannan birni aka gina masallacin Al-Rashid a 1938, masallaci na farko a Kanada, da ƙoƙarin 'yan tsirarun iyalai daga ƙasar Sham, da mata irin su Hilwie Hamdon a sahun gaba wajen neman fili da tara kuɗi, har da gudummawar maƙwabtansu Kiristoci da Yahudawa. Su ma daga ƙasar rana suka zo, ba su kuma da rabin na'urorin da muke da su. Ba su jira sai sanyi ya tafi kafin su tara jama'a ba.

Kada a fahimce ni da cewa wanda ya tattara ya koma ƙasar rana ya gaza. Hujjojinsa na gaske ne, kuma na auna su ɗaya bayan ɗaya. A wannan nisa daga tsakiyar duniya, hasken rana daga Oktoba zuwa Maris ba ya isa fata ta samar da sinadarin bitamin D, mu masu baƙar fata kuma mun fi kowa buƙatar kula da wannan. Akwai waɗanda duhun hunturu ke jefa su cikin ƙuncin zuciya na haƙiƙa, wanda magani da likita yake buƙata, ba wa'azi ba. Jiki amana ne, wanda ya ga nasa yana rushewa bai yi laifi ba in ya nemi inda zai miƙe. Ga kuma jin kiran salla daga taga, ga Umra a kusa, ga mahaifiya da za ta iya zuwa ta zauna ba tare da ta zama fursunar taga ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi tsaya mini a rai.

A ɗaya hannun kuma akwai maiɗakina, wadda ta shafe shekaru tana jarrabawa kafin ta sami lasisin aikinta a nan. Akwai takardar zama a can da ke rataye da kwantiragin aiki, ranar da aiki ya ƙare zama ya ƙare. Akwai 'yata ta fari, wadda ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka take rugawa taga tana tsalle kamar yadda muke yi wa ruwan farko na damina. Abin da nake kira baƙunci, ita shi ne garinsu. Da na jera waɗannan duka sai na lura babu ɗaya a cikinsu da ma'aunin zafi ke iya aunawa. Haƙƙoƙi ne, na uwa da na mata da na 'ya'ya, kuma wasunsu suna karo da juna. Na so in ɓoye wannan karo a bayan zancen yanayi ne, domin ya fi sauƙi mutum ya ce sanyi ya kore shi da ya ce ya fifita haƙƙin wani a kan na wani.

Na yi istihara, na kira mahaifiyata na shimfiɗa mata komai. Ta yi shiru, sannan ta ce ita ba ta aike ni neman rana ba, rana tana da ita har ta yi mata yawa. Abin da take so shi ne ta riƙa ganin jikokinta tun tana gane fuskokinsu. Kwana biyu kafin wa'adi ya cika na rubuta wa kamfanin na gode, na ba su haƙuri.

Zaɓin bai zo kyauta ba, kuma ba zan yi kamar ya zo ba. Mahaifiyata tana tsufa a nisan da sai na kwana a hanya kafin in isa gare ta, in wani abu ya faru da dare ba ni ne zan fara zuwa ba. Wannan zan ɗauke shi, ba ni da wanda zan ɗora wa. Abin da na iya shi ne na sauya tsarin shekarata: ita za ta riƙa zuwa daga Mayu zuwa Satumba, mu kuma mu kai mata yaran a hutun Disamba, ko da hakan na nufin tsohuwar motata za ta ƙara shekaru a hannuna. Mun kuma buɗe ƙofarmu duk yammacin Asabar daga Nuwamba zuwa Maris, ba sai an kira waya ba; akwai shayi, akwai tuwo in an dace. Makon farko mutum uku suka zo, ɗayansu ɗalibi ne da ya sauka a watan Janairu da rigar sanyin da ba ta wuce ta hunturun Kano ba. Ya tafi da tawa ta biyu.

Ga ɗan'uwa ko 'yar'uwar da ke riƙe da irin takardar da na riƙe, ba ni da hurumin cewa tafi ko zauna, domin haƙƙoƙin da ke kanka ba su ne a kaina ba. Shawarata ɗaya ce: kada ka yanke hukunci a cikin mota a watan Fabrairu. Ka jira jikinka ya ɗumama, ka rubuta sunayen mutanen da zaɓin zai taɓa, har da waɗanda ba za a tambaye su ba, sannan ka duba ko sunan ƙanƙara ya cancanci shiga jerin.

Jiya da asuba an sake zubo ta, kusan taƙi guda. Na fita da shebur kafin in tafi masallaci, na tarar maƙwabcina, wani dattijo da kakanninsa suka zo daga Yukren, ya riga ya share gaban gidansa ya zarce da nawa. Gobe in Allah Ya kai mu sai na riga shi tashi.

Allah Ya sa inda muke zaune ya zama alheri gare mu da waɗanda muka baro. Wassalam.